Jini Cikin Fitsari: Kada Mu Ce Zafin Rana Ne

 Ina fata an gama girbi lafiya, gero ya shiga rumbu. Yanzu da yawa daga cikinmu sun koma fadama, ana shirin albasa da tumatir da tattasai. A wannan wata ba zancen iri ko taki na kawo muku ba. Zancen fitsari ne. Iyayena maza da mata, ku yi mini gafara, na san ba magana ce da yaro ya ke yi a gaban manya ba. Amma kunya ta riga ta ci mana mutum guda a cikin ƙungiyarmu, ba na so ta ƙara cin wani.

Wani dattijo ne a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da na ke zagayawa a ƙasar Daura. Shekarunsa ba su kai sittin ba, ma'aikaci ne ƙwarai, lambunsa yana bakin ruwa. Wata rana muna taro a kan bashin injin ban ruwa, sai na lura ya tashi ya zaga bayan ɗaki har sau uku kafin a rufe da addu'a. Da muka kama hanyar gida na matso kusa da shi, na ce, "Baba, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Tsargiya ce kawai. Tun ina kiwon awaki na ke da ita. Ta tafi sa'ad da na yi aure, bara ta komo."

Na ce, "Baba, da jini?"

Ya ce, "Har da gudaji. Amma ai ba ta kisa, ɗana. Wanene a garin nan bai yi ta ba?"

Na roƙe shi ya je asibiti, ya ce sai an cire albasa. Ni ma laifina ne, ban matsa masa ba, gama a lokacin ban san abin da na sani yanzu ba. Ya yi ta sayen ƙwayoyi a kasuwa yana haɗawa da jiƙo. Sa'ad da 'ya'yansa suka kai shi babban asibiti, likita ya leƙa cikin mafitsara ya tarar ciwon daji ya riga ya cinye bangonta. Bai ga girbin da ya biyo baya ba. Ya bar mata da yara, ya bar kuma bashin injin da ƙungiya ta tsaya masa.

MECECE TSARGIYA?

Ba zafin rana ne ke kawo ta ba, ba kuma alamar yaro ya zama namiji ba ce, ko da ya ke haka muka taso muna ji. Tsutsa ce. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganinta a jikin mutum a birnin Alƙahira ta Masar cikin 1851, shi ya sa a asibiti za ku ji ana ce mata bilhaziya. Cikin 1915 kuma wani masani, Robert Leiper, ya bi sawunta a Masar ɗin har ya tabbatar da hanyar da ta ke bi.

Ga hanyar. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin tafki ko kusa da shi, ƙwayayen tsutsar su shiga ruwa su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su nemi wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai zama jikin ciyayin ruwa, su shige cikinsa su yi ta yaɗuwa. Bayan kamar wata guda su fito dubbai, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya tsoma ƙafa ko hannu, sai su huda fata su shiga, ba sai ya sha ruwan ba. Cikin wata biyu zuwa uku sun girma, tsawonsu kamar na farcen babban yatsa, su zauna cikin hanyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji manne da juna. Sukan yi shekara uku zuwa biyar a raye, waɗansu su daɗe fiye da haka ƙwarai, macen kuwa tana zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana. Kowane ƙwai yana da ƙaya a ƙarshensa. Waɗanda suka huda bango suka faɗa cikin fitsari su ne ke jawo jinin da a ke gani a ƙarshen fitsari. Waɗanda suka maƙale cikin tsoka su ne masu babbar ɓarna.

Kowa a Daura ya san labarin macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Wancan dai an gan shi, an sare masa kai. Wannan kuwa ba ya hana kowa ruwa, shi ya sa ba a tsoronsa. Madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam albarka ne, ni kaina ina cikin masu ce muku ku yi noman rani. Amma duk inda ruwa ya kwanta ya yi ciyawa, ko madatsa ce, ko hanyar ban ruwa, ko kududdufin bayan gari inda aka haƙi ƙasar gini, dodon koɗin nan yana iya samun wurin zama. Tun shekarun 1970 likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Libaful ta Ingila suka zauna a ƙasar Malumfashi suna auna fitsarin mutanen ƙauyuka, suka ga cutar ta fi yawa ga yara maza, watau masu wuni cikin ruwa.

DAGA TSARGIYA ZUWA CIWON DAJI

Kun san ƙuduji. Kafin ya fito ya yi furen nan nasa, ya riga ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana shan jijiyar gero. Haka wannan abu ya ke. Yaro ya girma, jinin ya ɗauke, kowa ya ce ya warke. Amma ƙwayayen da suka maƙale suna nan, jiki yana ta faɗa da su shekara da shekaru. Bangon mafitsara ya yi ta yin gyambo yana warkewa, ya yi tabo, ya yi kauri. Ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, su kuma suna haifar da waɗansu irin guba cikin fitsarin da ya kwanta. A hankali lallausan rufin cikin mafitsara ya rikiɗe ya zama kamar fatar waje, daga nan ne ciwon daji kan tashi ga waɗansu. Ban ce kowane mai tsargiya zai yi shi ba. Kaɗan ne ƙwarai. Sai dai masu tsargiyar suna da yawa, kaɗan daga cikin mai yawa kuwa ba kaɗan ba ne.

Wani likita a Alƙahira, A. R. Ferguson, ya rubuta wannan dangantaka cikin 1911. Cikin 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ke birnin Liyon a Faransa, ta sa tsutsar tsargiya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. A nan gida ma an gani. Binciken da likitoci suka buga daga Kano cikin 2003, da wanda aka buga daga Sakkwato cikin 2007, duka sun nuna fiye da rabin ciwon dajin mafitsara da suka duba irin nan ne mai kama da fata, wanda a ke dangantawa da tsargiya. A Turai irin wannan ba shi da yawa. Can taba sigari ce babbar sanadi, kuma tsofaffi ya fi kamawa, masu shekara sittin da biyar zuwa sama. Namu kuwa yakan kama mutum yana da arba'in ko hamsin, yana tsakiyar ƙarfinsa, yara ba su gama makaranta ba. Mai tsargiya da ke shan taba ya haɗa wa mafitsararsa wuta biyu.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. A Masar, da aka dage da ba mutane maganin tsargiya shekaru da yawa, babban asibitin ciwon daji na Alƙahira ya ga irin nan mai kama da fata ya ragu daga kamar uku cikin huɗu na masu ciwon mafitsara a farkon shekarun 1970 zuwa ƙasa da ɗaya cikin uku bayan shekara ta 2000.

ABIN DA FITSARI KE FAƊA WA LIKITA

Manomi in ya tsaya a bakin gonarsa bayan ruwan sama ya ga ruwan da ke fita ja ne, ya san zaizaya tana cin wani wuri a sama, ko bai taka can ba. Fitsari ma haka ne. Ƙoda ce ke tace shi daga jini, ya sauko ya kwanta cikin mafitsara sa'o'i yana wanke bangonta. Duk abin da ya ɓare daga bangon nan yana fitowa tare da shi.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Cikin 1847 wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya ba da labarin fitsarin wani majinyaci wanda in an ɗumama shi sai ya yi gudaji, in ya kusa tafasa ya washe, in ya huce gudajin ya komo. Daga baya aka gane ciwon dajin ɓargo ne ke zubo wannan abu. Har yau ana neman sa a fitsarin masu wannan ciwo, da sunan likitan a ke kiransa. Cikin 1945 kuma George Papanicolaou da abokin aikinsa a Amurka suka nuna ana iya tace fitsari, a shafa abin da ya kwanta a jikin gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita a ga ƙwayoyin ciwon dajin su kansu. Wannan awo yana nan ana yin sa a manyan asibitoci. Yakan kama ciwo mai zafin yaɗuwa, amma mai tafiya a hankali yakan kuɓuce masa sau da yawa.

Abin da ya ke sabo shi ne, yanzu ba ƙwayar kaɗai a ke nema ba, har ɓurɓushin da ta zubar. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Cikin kowace ƙwaya akwai wani siririn zare mai ɗauke da rubutun gado, wanda masana ke kira DNA, shi ne ke gaya mata lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya. Ciwon daji yakan fara ne sa'ad da kuskure ya shiga wannan rubutu, ƙwaya ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Irin waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa suna fashewa da yawa, kayan cikinsu su zube cikin fitsari. Masana suka ce, to, bari mu nemi kayan.

Na farko da suka yi suna su ne masu neman wani sinadarin da ƙwayoyin ke zubarwa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da awon NMP22 cikin 1996. Daga baya aka yi masa ɗan faranti kamar na awon zazzaɓin cizon sauro, a ɗiga fitsari a jira rabin sa'a a ga layi. Cikin 2001 ta amince da UroVysion, wanda ke rina zaren gadon da launi mai haske don a ga ko ya ƙaru ko ya guntule. Cikin 2012 ta amince da awon PCA3, wannan na maza ne, domin ciwon dajin 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsara wadda kan kumbura ta tsare wa tsofaffi fitsari.

Wanda ya fi ba ni mamaki ya fito ne daga ƙasar Iran. A lardin Golestan an karɓi fitsarin mutane masu lafiya daga cikin wajen 50,000 da suka shiga wani dogon bincike, aka daskarar aka ajiye, aka yi ta bin labarinsu. Bayan shekaru waɗansu kaɗan suka kamu da ciwon dajin mafitsara. Sai masanan cibiyar Liyon suka koma suka ɗauko tsohon fitsarinsu, suka nemi wani kuskure a wuri guda na rubutun gado da a ke kira TERT. Suka same shi ga kusan rabin waɗanda suka kamu, wani ma shekara goma kafin ciwon ya bayyana, ba su kuwa same shi ga ko ɗaya cikin masu lafiyar da suka gwada ba. An buga wannan cikin 2020. Watau an ga ƙuduji tun yana ƙarƙashin ƙasa.

Amfani na biyu shi ne bin sawun wanda aka riga aka yi wa aiki. Ciwon dajin mafitsara yana da halin komowa. Wanda aka kankare masa shi, sai an riƙa zura masa wani siririn bututu mai fitila ta hanyar fitsari ana leƙawa, da fari kowane wata uku. Akwai zafi, akwai kuɗi, akwai kuɗin mota. Mutumin Baure ko Zango da zai riƙa zuwa Katsina ko Kano sau huɗu a shekara, ku lissafa abin da zai rage masa a rumbu. Burin masana shi ne a kai ranar da zai aika da fitsari cikin kwalba, in an ga alama sa'an nan a kira shi.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ma kuna da rabo a nan, da abin da kuka riga kuka sani. 'Yar takardar nan ta awon ciki da a ke tsomawa cikin fitsari tana neman wani sinadari ne da mahaifa ke yi. Akwai wani irin ciki da ba ɗa a cikinsa, sai tarin ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi. In an wanke shi, wani lokaci saura yakan rage ya zama ciwon daji, shi ma yana zubo wannan sinadari. Saboda haka macen da ta yi ɓari ko aka yi mata wankin ciki, watanni suka wuce jini bai ɗauke ba, awo kuma yana ta nuna ciki alhali ba ciki, ta koma asibiti da sauri. Wannan yana cikin ciwon dajin da magani ke warkarwa sarai.

KADA A RUƊE MU

Dole in faɗa muku iyakar abin, don na san halin kasuwa. Ba a daɗe wani ya zo da jaka da lasifika yana cewa yana da awon kansa na naira kaza.

Har yanzu babu awon fitsarin da ya maye gurbin leƙawa da bututu da ɗiban 'yar tsoka a duba. Likitocin ƙasashen da suka ƙera su ma ba su ce a bi gari ana yi wa masu lafiya ba. Suna da tsada, waɗansu sai da manyan na'urori da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Abin da ya fi damuna kuma, yawancinsu an ƙera su an gwada su ne a kan irin ciwon da ya fi yawa a Turai da Amurka, ba irin namu ba. Awo kamar NMP22 yakan nuna layi in akwai jini, ko ƙwayoyin cuta, ko tsakuwa cikin mafitsara, ko da babu ciwon daji. To, mai tsargiya ai kullum cikin jini da kumburi ya ke. In an yi wa ƙauye guda wannan awo, za a tsorata mutane da yawa a banza, a sa su sayar da awaki. A ganina aikin da ke gaban jami'o'inmu ke nan, su gwada waɗannan abubuwa da fitsarin mutanenmu.

Amma akwai awo biyu masu araha da ke kusa da mu tun tuni, mu ne ba mu nema. Na ɗaya wata 'yar takarda ce mai ɗigo-ɗigon launi, ɗari a kwalba guda. A tsoma cikin fitsari, cikin minti ɗaya ko biyu launi ya sāke in akwai jini, ko da ido bai gan shi ba. Na biyu a tace fitsari kamar cokali biyu na shayi a duba da madubin likita a ga ƙwan mai ƙaya. A kai fitsarin tsakanin ƙarfe goma na safe da ƙarfe biyu na rana, lokacin ne ƙwan ya fi fita, a kuma tara har da ɗigon ƙarshe.

Maganin tsargiya sunansa firazikwantel. Ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 40 ga kowane kilo, ko da sandar awon tsawo kamar yadda a ke yi a makarantu. A sha bayan an ci abinci sosai, in ba haka ba yakan sa jiri da ciwon ciki. Tun 2007 kamfanin Merck na Jamus ke ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne wanda a ke raba wa 'yan makaranta. Cikin 2022 hukumar ta ba da shawara cewa inda mutum ɗaya cikin goma ke da cutar, a ba kowa daga mai shekara biyu zuwa sama sau ɗaya a shekara, har da manya. Ran da masu rabo suka zo, kada mu ɓoye yaranmu. Mu tuna kuma da yaran da ba su zuwa boko, masu kiwo da almajirai, gama tafki ɗaya su ke shiga da namu. Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne a ƙasar nan, in mu kaɗai muka sha magani maƙwabta ba su sha ba, ruwan ba zai tsabtata ba. Shugaban ƙungiya ya je ya gai da mai unguwa da liman, a yi zancen tare.

Maganin yana kashe tsutsa, ba ya hana wata shiga gobe, ba ya kuma taɓa ciwon daji. A nan ne dattijonmu ya faɗa. Saboda haka ku riƙe wannan da kyau. Babban mutum, namiji ko mace, da ya ga jini cikin fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ya je a auna. In an sami ƙwai ya sha magani, ya koma bayan wata biyu a sāke aunawa. In jinin yana nan, ko yana ganin gudaji ko wani abu fari-fari kamar tsoka, ko fitsari yana yawan matsa masa, ko yana ramewa, kada ya ƙara sayen ƙwaya. Ya nemi takarda daga asibitin Daura zuwa wurin likitan mafitsara, a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Za a duba shi da na'urar hoton ciki, in ta kama a leƙa da bututu. Za mu yi masa addu'a, amma a hanyar asibiti za mu yi ta.

Sauran kuwa aikin hannunmu ne. Takalmin roba mai tsawo ga mai tsayawa cikin ruwa, ƙungiya tana iya saye da yawa a sami rangwame. A nome ciyawar hanyoyin ban ruwa, a bar su su bushe lokaci lokaci. A haƙa masai nesa da bakin ruwa kusa da lambuna, a kuma hana yara fitsari cikin tafki. Ruwan wanka in daga tafki ne, a zuba a randa ya kwana biyu kafin a taɓa, 'ya'yan tsutsar ba su wuce haka a raye in ba su sami jiki ba.

A ƙungiyar marigayin, bayan an biya bashin injin daga asusun gama kai, mun yanke shawara a ƙara shafi guda a littafin magatakarda. Kowane mamba yana zuba mudun gero ɗaya a shekara domin kuɗin motar wanda aka tura babban asibiti. Mun kuma roƙi ma'aikacin lafiya na gundumar ya zo da kwalbar takardun awo ranar taronmu na farkon rani. Maza suka ba da fitsarinsu a bayan ɗakin sujada, mata a gidan Fasto. Babban ɗan marigayin ne ya fara miƙa tasa kwalba.